Motocin ƙasaita masu shan fetur da lantarki: gwanintar injiniyoyi ko hanyar kauce wa haraji?

A watan Yulin 2024 ne ma'aikatan kamfanin Bentley da ke garin Crewe a ƙasar Ingila suka haɗa injin W12 na ƙarshe, wato injin nan mai silinda 12 da ya yi shekara 21 yana jan motar Continental GT. A takarda, samfurin ƙarshe na wannan mota mai ƙofa biyu yana fitar da giram 311 na iskar kabon a kowace kilomita. Wadda ta gaje ta ta fi ta ƙarfi, ta fi ta nauyi da kusan kilo 190, kuma tana iya zabga gudun kilomita 335 a awa guda. Amma tata takardar cewa ta yi giram 29 kacal take fitarwa, wajen rubu'in abin da ƙaramar Peugeot 208 mai shan fetur ke fitarwa.

Ruwa ba ya tsami banza. An cire wancan ƙaton inji ne aka sa mai silinda 8, aka haɗa shi da injin lantarki, sannan aka ɓoye batir a bayan motar wanda ake jona wa wuta kamar wayar salula. Faransawa na kiran irin wannan mota hybride rechargeable. A Hausance ana iya ce mata ruwa-biyu mai caji. Tana tafiya da lantarki zalla na ƴan kilomitoci, tana tafiya da fetur, tana kuma haɗa su biyun lokaci guda idan direba ya taka totur. Ta sha bamban da ruwa-biyu irin tsohuwar Toyota Prius, wadda ƙaramin batirinta ke cika kansa daga inji da birki ba tare da an jona ta ba.

Daga 2019 zuwa 2025 kusan duk manyan sunayen da ke ƙera motocin gudu na alfarma sun bi wannan layi: Ferrari, McLaren, Lamborghini, Mercedes-AMG, Bentley da Aston Martin. Yawancin waɗannan motoci sun haura yuro 200,000, sama da miliyan 130 na kuɗin sefa ke nan, don haka mai karatu a Maruwa ko Abeche ko zangon Kumasi na iya cewa ina ruwan biri da gada.

Ga inda ruwansa yake. Ranar 16 ga Disamban 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar sassauta dokar da ta ce daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar mota mai fitar da hayaƙi a ƙasashen ƙungiyar 27 ba. Maimakon a rage hayaƙin ɗari bisa ɗari, hukumar ta ce a tsaya a kashi 90. Jamus da Italiya, gidajen Mercedes da Porsche da Ferrari, su ne kan gaba wajen matsa lamba, kuma shugaban gwamnatin Jamus Friedrich Merz ya ambaci motocin ruwa-biyu masu caji ƙarara cikin abin da yake so a bari. Sai majalisar dokokin Turai da gwamnatocin ƙasashen sun amince kafin shawarar ta zama doka. To amma motar da Turai ta yarda a ci gaba da ƙerawa yau, ita ce za ta sauka a tashoshin jiragen ruwan Kwatano da Lome da Duwala nan da shekara goma.

Yadda aka samo giram 29

Adadin ba ƙirƙirarsa Bentley ta yi ba, lissafin hukuma ne, sai dai an gina shi a kan zato. A gwajin da Turai ke yi wa sabbin motoci, wanda ake kira WLTP, ana ɗora motar a kan na'ura cikin ɗakin gwaji a tuƙa ta iri biyu: da cikakken batir har ya ƙare, sannan da batir fanko. Daga nan sai a gauraya sakamakon biyu bisa ƙiyasin yawan tafiyar da ake sa ran mai motar zai yi da lantarki. Iya nisan da batirin ke kaiwa, iya yadda ƙiyasin ke ɗauka cewa injin fetur na kwance yana hutawa. Batirin Bentley mai kilowat-awa 25.9 na kai ta kilomita 81, saboda haka lissafin ya ɗauka kusan kashi 90 cikin 100 na tafiyarta da lantarki ake yi. Ita kuwa wutar da aka yi cajin da ita sifili ake rubuta mata, ko da tashar kwal ce ta samar da ita. Ranar da batirin ya ƙare a kan babbar hanya, abin da ya rage shi ne mota mai nauyin kusan tan biyu da rabi, mai shan sama da lita 10 a kilomita 100 ko a hannun direba mai sanyin ƙafa.

An daɗe ana zargin cewa takarda da titi sun yi hannun riga, amma sai kwanan nan aka samu shaida. Tun daga 2021 doka ta tilasta a sa wa kowace sabuwar mota a Turai na'urar da ke ƙirga man da ta sha. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahotonta na farko a kan waɗannan alƙaluma: motocin ruwa-biyu masu caji da aka yi wa rajista a 2021 na fitar da kusan giram 139 a kilomita, alhali takardunsu na cewa wajen giram 40. Ninki uku da rabi ke nan. Ƙungiyar Transport & Environment mai fafutukar kare muhalli ta sake duba alƙaluman motocin 2023, ta ce giɓin ya kusa ninki biyar.

Dalilin ba wani mai zurfi ba ne: mutane ba sa yin caji. Wani binciken cibiyar ICCT na 2022 ya gano cewa masu motar kansu na yin ƙasa da rabin tafiyarsu da lantarki, waɗanda kuma kamfani ya ba motar aiki ba sa wuce kashi 11 zuwa 15 cikin 100. Kamfani ne ke biyan kuɗin mai, wutar gida kuwa daga aljihun ma'aikaci take fita, to wa zai wahalar da kansa da jan waya kowane dare?

Duk da haka wannan adadi na takarda shi ne ake biyan kuɗi a kansa. Dokar Turai ta ɗora wa manyan kamfanoni ƙa'idar cewa matsakaicin hayaƙin duk motocin da suka sayar kada ya wuce wajen giram 93.6 daga 2025, kuma kowane giram da ya ɗara tarar yuro 95 ce a kan kowace mota. Ga kamfani mai sayar da dubban ɗaruruwan motoci kamar Mercedes ko BMW, giram ɗaya na iya zama miliyoyin yuro. Ƙananan kamfanoni masu sayar da ƙasa da mota 10,000 a shekara a Turai an ba su rangwame har ƙarshen 2035, wanda ƴan jarida suka laƙaba wa suna gyaran dokar Ferrari. Su nasu matsin daga wajen mai saye yake zuwa. A Faransa harajin hayaƙi da ake kira malus ya kai ƙololuwar yuro 60,000 a 2024, ya hau 70,000 a watan Maris na 2025, kusan miliyan 46 na sefa, kuma an tsara ya kai 80,000 a 2026. Duk motar da ta haura giram 190 da ƴan kai ta faɗa wannan rami. Tsohuwar Bentley na cikinsa tsundum, sabuwar kuwa ko sisi ba ta biya na hayaƙi. Faransa ta farga, ta fara karɓar harajin nauyi a kan irin waɗannan motoci daga 2025 bayan ta yafe musu kilo 200, amma abin da ake biya ya yi ƙasa ainun da wancan.

Turai ma ta fara gyara ma'auninta. Daga Janairun 2025 sabbin samfura na shiga gwaji da ƙiyasin da ya rage zaton tafiyar lantarki, daga Janairun 2026 kuma ya shafi duk sabuwar mota, abin da ke ɗaga adadin hayaƙin da yawa daga cikinsu a takarda ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya a jikinsu ba. An tsara ƙarin tsaurarawa a 2027, kuma ƙungiyoyin masu ƙera motoci na Jamus na neman a jingine shi.

Batir don ƙarfi, batir don nisa

Zai zama rashin adalci a ce haraji kaɗai ya kawo wannan fasaha. Wanda ya duba girman batiran zai ga cewa kamfanonin sun rabu gida biyu, kuma gida ɗaya bai damu da nisan tafiyar lantarki ba ko kaɗan.

Ferrari SF90 Stradale, wadda ta fito a 2019, na da ƙarfin doki 1,000 daga injin V8 da injinan lantarki uku, amma batirinta kilowat-awa 7.9 ne, mai kai ta kilomita 25. Ferrari 296 GTB ta 2021 ita ma kilomita 25. McLaren Artura wajen kilomita 30. Mercedes-AMG GT 63 S E Performance mai ƙofa biyu, wadda aka nuna a 2024, na da doki 816 da batir mai kilowat-awa 6.1, tana yin kilomita 13 kacal. Lamborghini Revuelto ta fi su duka rashin kunya a nan: doki 1,015, batir mai kilowat-awa 3.8, tafiyar lantarki ta wajen kilomita 10, daidai fita daga unguwa da asuba ba tare da an tashi maƙwabta ba.

A waɗannan motoci aikin batir shi ne ya zuba wuta da yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ya kuma sake cika da sauri. Injin fetur mai turbo yana da wani aibi da direbobi suka sani: idan aka taka totur sai ya ɗan yi jinkiri kafin iskar salansa ta juya turbon ƙarfi ya zo. Injin lantarki ba ya jira, yana ba da dukkan ƙarfinsa nan take. Sai injiniyoyi suka sa shi ya cike wannan ɗan giɓi, ya kuma kama ƙarfin da da birki zai ƙone ya mayar da shi cikin batir. Dabarar daga gasar tseren Formula 1 ta fito, inda aka fara tara ƙarfin birki a 2009, aka koma cikakken injin ruwa-biyu a 2014. Da ita ne Mercedes-AMG mai nauyin sama da tan biyu ke kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.8. Irin wannan aiki na dafa batir, shi ya sa AMG ta nutsa ƙwayoyin batirinta 560 cikin wani ruwa marar ɗaukar wuta da ke zagaya kowace ƙwaya yana sanyaya ta.

Gida na biyu su ne masu babban batir, kuma Bentley ce jagabarsu a yanzu. Kafin ita akwai Polestar 1, ta reshen Volvo, wadda aka fara ƙerawa a birnin Chengdu na ƙasar Sin a 2019, guda 1,500 kawai. Batirinta kilowat-awa 34 ne, tana yin kilomita 124 da lantarki, nisan da har yau ƴan ƙalilan ne a cikin irinta suka kamo. Ita da BMW i8, wadda aka ƙera daga 2014 zuwa 2020 da ƙaramin inji mai silinda 3 da ƙofofi masu buɗewa sama kamar fukafukai, sun zo ne da niyyar nuna cewa motar ƙasaita na iya rage shan mai da gaske. Kasuwa ba ta bi su ba. An daina duka biyun ba tare da magaji ba, kuma waɗanda suka zo bayansu sun ɗauki lantarkin suka ƙara a kan manyan injina.

Inda za a sa kilo 150

Taura biyu ba ta taunuwa cikin sauƙi. Motar gudu ba ta da abokin gaba kamar nauyi, ga shi kuma an ɗora mata inji biyu, tankin mai da batir, na'urar sarrafa wuta, wayoyi masu kauri da ƙarin lagireto. Ferrari 296 GTB ta fi F8 Tributo da ta gada nauyi da kilo 140, duk da cewa an rage mata silinda biyu. Kayan lantarkin McLaren Artura gaba ɗaya kilo 130 ne, 88 daga ciki batir. Kusan duk wani abu sabo a zanen waɗannan motoci ƙoƙari ne na biyan wannan bashi.

Ferrari da McLaren, ba tare da sun haɗa baki ba, sun isa ga amsa iri ɗaya: injin V6 mai lita 3 da aka buɗe kafaɗunsa zuwa digiri 120, aka zaunar da turbo biyu a tsakiyar kwarin. Injin ya gajarce, ya yi ƙasa, ya bar wuri a bayan kujeru inda aka shimfiɗa batir a ƙasan motar. Ferrari ta samu ta rage tazarar tayoyin gaba da na baya da milimita 50, abin da ya sa 296 ta fito a dunƙule, da gajeren baya mai tuna motocin tserenta na shekarun 1960. McLaren ta je gaba ta cire giyar baya daga akwatin giya ɗungurungum: idan direba zai yi ribas, injin lantarki ne ke juyawa da baya. SF90 ma haka, sai dai ita injinan lantarki biyu na tayoyin gaba ne ke ja da ita baya. Waɗannan injina biyu na gaba suna da wani aikin da ya fi wannan muhimmanci. Kowane na tura tayarsa da ƙarfi daban, don haka a kwana ana ba tayar waje ƙarfi fiye da ta ciki, motar ta lanƙwasa kamar an ja ta da igiya, ba kuma tare da an ja wani ƙarfe daga injin baya zuwa gaba ba.

Lamborghini ce ta yi juyin da ya fi girma. Tun zamanin Countach a shekarun 1970 akwatin giyar motocinta masu V12 na zaune ne a gaban inji, cikin ramin da ke tsakanin kujerun biyu. A Revuelto ta 2023 an juya injin gaba ya koma baya, aka mayar da akwatin giya bayansa a gicciye, ramin tsakiya kuma aka zura masa dogon siririn batir. Nauyin ya zauna a tsakiya kuma a ƙasa, inda ba zai dami motar a kwana ba. Girman ramin shi ya ƙayyade girman batirin, wannan ne ya sa bai wuce kilowat-awa 3.8 ba, kuma injin na iya cika shi cikin minti shida yana tafiya. Akwai soket ɗin caji a motar, amma da wuya a ce mai ita zai taɓa neman inda yake.

Ƙananan injinan lantarkin da suka sa wannan ya yiwu siffarsu ta faifai ce, faffaɗa kuma siriri, ana iya cusa su tsakanin inji da akwatin giya. Na Artura bai kai kilo 16 ba, yana ba da doki 95. Kamfanin YASA na Ingila, wanda ya ƙera wa Ferrari da Lamborghini irinsu, Mercedes ta saye shi a 2021, abin da ke nuna inda manyan suka ga riba.

Masu babban batir kuwa a but suka biya. Wurin kayan Bentley ya ragu daga lita 358 zuwa 260, a motar da aka yi domin doguwar tafiya da akwatuna. Kamfanin ya mayar da abin abin alfahari, ya ce nauyin batirin a baya ya daidaita motar, kashi 49 a gaba 51 a baya, kuma a nan yana da gaskiya, domin tsohuwar kanta ya yi mata nauyi. Polestar 1, duk da jikinta na zaren kabon, ta kai kilo 2,350, but ɗinta kuma ya tsuke har masu zanen suka ga gara su yi ado da matsalar: suka sa gilashi a bangon but ɗin ana hango wayoyin lantarki masu ruwan lemo a jere kamar kayan baje koli.

Akwai wanda ya duba lissafin ya ce a'a. Da Porsche ta sa wa 911 GTS lantarki a 2024, sai ta zaɓi batir mai kilowat-awa 1.9 wanda ba a jona shi, ta sa ƙaramin injin lantarki a cikin turbon kansa, motar ta ƙaru da kilo 50 kawai. Ba ta tafiya da lantarki zalla, ba ta samun rangwamen haraji, mai sayenta a Faransa na biyan malus cikakke. Ga wanda ke neman motar tuƙi, hujjar Porsche ta fi ƙarfi. Ga akawun da ke lissafin tara a Brussels da Paris, ta Bentley ce ta ci.

Attajirai sun ƙi rabuwa da ƙarar inji

Shekara huɗu da suka wuce an ɗauki ruwa-biyu a matsayin gada ta ɗan lokaci zuwa lantarki zalla. Yanzu gadar ta zama mazauni. Bentley, wadda ta yi alkawarin daina injin fetur a 2030, ta ɗage zuwa 2035 a watan Nuwamban 2024. Lamborghini ta jinkirta motarta ta farko mai lantarki zalla, alhali duka samfuranta uku, Revuelto da Temerario da Urus SE, ruwa-biyu ne masu caji. A 2022 Ferrari ta ce nan da 2030 kashi 40 cikin 100 na samfuranta za su zama na lantarki zalla. A watan Oktoban 2025 ta rage zuwa kashi 20, ta ninka kason injin fetur zalla zuwa 40. Daga motoci 13,752 da ta sayar a 2024, kashi 51 ruwa-biyu ne.

Mai kashe yuro 300,000 a kan mota ƙara yake saye da girgizar inji, da kuma tabbacin cewa motar za ta riƙe darajarta. Ruwa-biyu ta bar masa ƙarar. Darajar ce ke cikin shakka, domin batir na tsufa ko ana tuƙa motar ko tana ajiye. Ferrari ta gane haka, shi ya sa a 2024 ta fito da wani tsarin garanti na biya wanda a ƙarƙashinsa za ta sauya wa motar batir a shekara ta 8 da kuma ta 16.

Idan aka yi maganar gaskiya, waɗannan motoci ƴan dubbai ne a duniya, kuma yawancinsu ba sa yin tafiya mai yawa a shekara. Hayaƙinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na miliyoyin motocin talakawan Turai. Tasirinsu a siyasa ne da kwaikwayo. Su ne hoton da ake nunawa idan ana so a ce injin fetur na da sauran rayuwa, kuma dabarar da aka gwada a kansu ita ke gangarowa zuwa manyan jif-jif irin Porsche Cayenne, BMW X5, Range Rover da Mercedes GLE, waɗanda ake sayarwa da yawan gaske.

Abin da zai iso bakin teku

Waɗannan jif-jif su ne za su zo. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Dillalan da ke sayo mota a Kwatano da Lome su haura da ita Sahel, da waɗanda ke ɗaukowa a Duwala su kai Garwa da Njamena, Hausawa na da yawa a cikinsu, kuma abin da Turai ta yar shi suke tararwa a filin sayarwa. A 2021 kusan kashi 9 cikin 100 na sabbin motocin da aka sayar a Tarayyar Turai ruwa-biyu ne masu caji. Garantin batirin irin waɗannan motoci shekara 6 zuwa 8 ne. Wato zai ƙare daga 2027 zuwa 2029, daidai lokacin da darajarsu za ta faɗi a can har su dace da aljihun mai saye a nan.

Motar da ta iso da gajiyayyen batir ta haɗa wa mai ita wahala biyu. Yana jan matacciyar kaya mai kilo 200 ko 300, man da yake sha ya fi na takwararta marar batir, kuma a wasu samfuran idan ɓangaren lantarki ya lalace motar ba ta tashi sam, domin shi ne ke tayar da injin. Zafi na gaggauta tsufan batirin litiyam, a yankin da ma'aunin zafi ke kai digiri 45 a watan Afrilu. Wayoyin nan masu ruwan lemo na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 400, wadda ke iya kashe bakaniken da ya taɓa su da hannu kamar yadda ya saba taɓa batir mai bolt 12. Ga kuma batun wutar kanta: kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a Chadi kuwa wajen ɗaya cikin goma, kuma mazauna Yamai ba su manta da duhun da suka shiga ba lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba ƙasar mafi yawan wutarta a watan Agustan 2023. Cajin irin wannan mota da janareto mai shan fetur wasa da hankali ne.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Magidancin da ke da faifan hasken rana a rufin gidansa, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kilomita 30 ko 40 a rana tsakanin gida da kasuwa da makarantar yara, zai iya shafe mako bai leƙa gidan mai ba, kuma ranar da tafiyar ƙauye ta taso tankin fetur na nan. A ƙasashen da tashoshin caji a kan hanya kusan babu su, wannan ya fi dacewa da yanayi fiye da motar lantarki zalla. Abin mamaki, fasahar da ma'aikatan kamfanonin Jamus suka ƙi yi wa caji na iya yin aikin da aka ƙirƙire ta dominsa a hannun wanda ke jin zafin kuɗin kowace lita. Sharaɗin shi ne batirin ya iso da rai, kuma mai saye ya samu hanyar sanin haka kafin ya biya.

A nan ne giɓin yake. Jami'an duwan na yankin shekarun mota suke dubawa da girman injinta, babu mai tambayar lafiyar batir. Ƙa'idar da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 2020 a kan motocin hannu ta yi magana ne a kan shekaru da hayaƙi da ingancin mai, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A Turai an fara ɗaukar mataki: dokar Euro 7, wadda za ta fara aiki a kan sabbin samfura a ƙarshen Nuwamban 2026, ta ce dole batir ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan shekara 5 ko kilomita 100,000, da kashi 72 bayan shekara 8 ko kilomita 160,000. Daga Fabrairun 2027 kuma kowane sabon batirin mota zai zo da wata takardar shaida ta intanet mai nuna tarihinsa da lafiyarsa. Duka dokokin biyu ba su shafi motocin 2020 da 2021 ba, waɗanda su ne na gaba a layin shiga jirgi.